Daminar da Gwaggo Ta Jira Ni

Shekarun baya, ina tsakiyar karatuna na ƙarshe a wata ƙasar Turai mai sanyi, mahaifiyata ta kira ni a salula daga Dakoro, ta ce wai shin wane irin aiki ne nake yi can da ba ya ƙarewa. Tambayar ba sabuwa ba ce, kusan duk wata sai ta yi ta. Ranar dai na gaji, ina tsaye a ƙofar labo, wato ɗakin bincikenmu, yatsuna na neman daskarewa, sai na taƙaita mata, na ce, "Inna, maganin ciwon daji muke nema." Ta ce Allah shi taimaka, muka yi sallama. Ni kafin in kai ɗakina na manta da maganar. Ita kuwa ta riƙe ta.

Bari in fara gaya muku gaskiyar aikin, ku ga tazarar da ke tsakaninsa da abin da na faɗa. Kiwo nake yi, ba wani abu ba. Ƙwayoyin ciwon daji, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, su nake reno a cikin 'yan farantan roba, a wani akwati mai ɗumi irin ɗumin jikin mutum. Abincinsu wani jan ruwa ne. In ya koma rawaya to sun cinye, sai a sake masu. In sun cika faranti sun fara danne juna, sai a rage, a raba. Ba Lahadi, ba salla.

A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan sinadarai da ake ce wa kinaz. Suna da yawa, ni guda ɗaya aka damƙa mini. Aikinsa kai saƙo ne: ya taɓa wannan, wannan ya tashi ya taɓa wancan, har umarni ya isa cewa a hayayyafa. Muna zargin namu da laifi biyu, wai yana zuga ciwon ya yaɗu, kuma yana taya shi ɓuya daga sojojin jiki, wato garkuwar da Allah ya sa mana. To zargi ba hujja ba ne. Don a tabbatar, sai na ɗauki ƙwayoyi 'yan uwa ɗaya na raba su gida biyu. Gida ɗaya na bar su yadda suke. Ɗaya gidan na shiga can cikin gadonsu na goge wurin da ke koya masu yin wannan kinaz, don in zuba masu sojojin jiki in ga wa za a fi kamawa. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace na kusan shekara biyu ina yi suna mutuwa, ina sakewa suna mutuwa, kafin in samu zuriya guda da ta rayu ba tare da shi ba. Ranar da na same ta sai da na taka rawa ni kaɗai a labo, wata tsohuwa mai shara ta leƙo ta gan ni, ta ja ƙofar a hankali ta tafi.

Da kaka ta yi na samu ɗan hutu, na bar wa abokina, wani ɗan Senegal da muke tebur ɗaya, amanar ciyar da garken, na kamo hanyar gida. Jakata cike da turare da atamfa da takalman yara. Na sauka Dakoro an gama yankan hatsi, ko'ina damman gero ne a kan amalanke, gari ya yi fara'a. Abin da na lura da shi tun daga tasha shi ne irin gaisuwar da ake yi mini. Mutanen da suka san ni ina yawo da gajeren wando suna ce mini likita, har wani dillalin raguna ya cire mini hula ya nuna mini wani ƙari a ƙeyarsa. Na yi dariya, na ce ya tafi wurin majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin gari. A raina kuwa, ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini daɗi.

Ranar kasuwa sai ga gwaggota, ƙanwar mahaifina, ta iso daga ƙauyensu na wajen Birnin Lalle. Wannan mata a hannunta aka yaye ni. Ita ta ɗauke ni daga gidanmu ina ihu, ta lallashe ni da madarar akuya, na zauna wurinta har na yi wayo. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta mata duk sun yi aure, ita da jajayen awakinta suke zaune. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Babana take ce mini. Ta sauko daga amalanke da ɗan taure a igiya, ta ce na yanka ne. Na ga ta rame, na ga kuma tana ɗaga hannun hagu da dabara, amma na ɗauka tsufa ne da aikin gona.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka sha fura, na miƙa mata atamfarta. Ta juya ta, ta yaba, ta sa albarka, ta ajiye gefe. Sai na ga tana ta kallon jakar, kamar akwai sauran abin da bai fito ba.

Bayan la'asar mahaifiyata ta kira ni bayan rumbu. Ta daɗe tana kewaye-kewaye, ta yi zancen ruwan bana, ta yi zancen tsadar dusa, sannan ta kau da kai ta ce gwaggonka hwa ba ta da lahiya. Wurin ba wurin da uwa ke ambata wa ɗanta namiji ba ne, don haka sai ta dafa nata ƙirjin kawai. Wani ƙulli ne ya fito mata tun kafin ruwan farko. Ta je wurin majo, ya taɓa, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, ya rubuta mata takarda ta tafi Maraɗi ba tare da ɓata lokaci ba. Gwaggo ta ninke takardar ta ce ba inda za ta, tunda ɗanta yana can yana haɗa maganin abin, za ta jira shi ya zo da shi.

Na tambayi mahaifiyata wa ya ce mata ina da magani. Ta dube ni ta ce kai ka ce. Ita dai ta faɗa a wurin wani suna, don jin daɗi, magana ta bi mata ta kai ƙauye. Na ce to don me ba a gaya mini ba, alhali kullum muna waya? Nan ta yi mini kallon wanda bai san garinsu ba. A wajenmu ba a aika wa na nesa mugun labari. Mutum yana ƙasar wasu, ba uwa ba uba, ba abin da zai iya, sai a ɗora masa tashin hankali? Ko rasuwa aka yi, sai a ce masa jiki ya ɗan matsa, ya taho. Ni kaina da haka na tashi, kuma na sha yi wa wasu. Duk daminar nan ina tambayar Gwaggo, ana ce mini lahiya lau, tana gaishe ka. Kuma ba ƙarya suke ganin sun yi ba, tausayina suke ji.

 Na san abin da damina guda take nufi ga irin wannan ƙulli, don a faranti ina ganin yadda suke cika wuri cikin 'yan kwanaki.

Washegari da hantsi na sami Gwaggo a inuwar itacen bedi tana tsinke zogale. Na zauna a ƙasa kusa da tabarmarta. Ban san ta inda zan fara ba, sai na ciro salula na nuna mata hoton ƙwayoyina. Ta karɓa, ta nisanta ta da ido, ta ce waɗannan kamar ƙwan kwaɗi. Na ce su ne ciwon, su nake kiwo. Maimakon ta tsorata sai ta gyara zama. Ta tambaye ni mi suke ci, na faɗa mata. Ta ce yanzu da ka taho wa ke ba su? Na ce abokina. Ta ce yana da amana dai ko, don ba kowa ake bar wa dabba ba. Na yi mata bayanin gida biyun, na ce kamar awaki ne uwa ɗaya, aka cire wa rabi wani abu a jiki don a ga bambanci. Na ce da alama waɗanda aka cire wa abin, sojojin jiki sun fi ganinsu, sun fi cinye su, amma ban gama tabbatarwa ba.

Ta tambayi inda na samo irin. Na ce daga jikin wata mata ne, can a ƙasarsu, da daɗewa, likitoci suka cire mata aka ci gaba da renonsa, ana ba wannan labo ana ba wancan. Ta ce matar tana da rai? Na ce da wuya. Ta ce mi ne ne sunanta? Na ce ban sani ba, lamba kawai muke kira. Gwaggo ta ajiye zogalen ta dube ni da kyau. Ta ce kana kiwon abin mutum shekara da shekaru ba ka san mai shi ba, ko a kasuwar dabbobi ba a haka. Ta ɗaga hannu ta yi wa matar addu'a, ta ce ko ba Musulma ba ce Allah ya san sunanta. Na ce amin, kunya ta rufe ni.

Daga nan ta dawo kan abin da ya kawo ta. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "To Babana, abin nan da ka cire masu, ka cire mini shi mana."

Na ce, "Gwaggo, ba zan iya ba. A faranti kaɗai na iya. Ko a jikin ɓera ba mu gwada ba tukuna. In ma abin zai zama magani, sai bayan shekaru masu yawa, kuma wataƙila ba zai zama ba. Ban zo da komai ba. Ba ni da shi."

Ban taɓa faɗin magana mai nauyin wannan ba. Ta ci gaba da tsinke ganyen, ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ashe jiran banza na yi." Ba faɗa a muryarta, ba kuka. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na shiga roƙonta. Na ce akwai maganin da ya riga ya samu, wanda likitoci ke yi yau, ana cire ƙullin, ana ƙarin ruwa mai maganin kashe ciwon, mata da yawa suna tashi. Na ce mu tafi Maraɗi gobe. Ta ce a'a, ita gida za ta koma, abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa. Na jawo mata duk abin da na sani, har da na malamai, na ce neman magani ba ya hana tawakkali. Ta ce ta sani, ba yau ta fara jin wa'azi ba. Mahaifina ya sa baki, ta ce masa ya bari. Mahaifiyata ta yi ta hawaye a madafa, tana ganin ita ta jawo. Haka muka wuni.

Sai da yamma, tana ɗaure kayanta, gaskiyar ta fito. Akwai wata maƙwabciyarta da aka kai babban asibiti shekarar da ta wuce, ba ta jin Faransanci, ɗan rakiyarta ma ba ya ji, aka yi ta juya ta tana kallon bakin mutane, daga baya gawarta aka maido. Gwaggo ta ce mutuwa ba ta ba ta tsoro. Abin da ba ta so shi ne a kwantar da ita, a buɗe mata jiki, ana magana a kanta ba ta san abin da ake cewa ba, kamar akuya a hannun dillalai. Shi ya sa da ta ji ɗanta na da magani ta kama maganar da hannu biyu.

Na ce ai akwai masu jin Hausa a can. Ta ce ba mai jin Hausa take nema ba. Ta ɗaure bakin ƙullin kayan, ta ce, "Kai za ka kai ni? Ka tsaya har a gama, duk abin da suka ce ka hwaɗa mini shi yadda yake?"

To jama'a, a nan ne zan so in ce muku na amsa nan take. Ban amsa ba. Hutuna saura kaɗan. Babban gwajin da na yi shekaru ina shiri, wanda za a haɗa ƙwayoyina da sojojin jiki, an riga an sa masa rana, an yi odar kayan, ubangidana na labo mutum ne da ba ya son a ce masa gobe. Abokina kuma yana da nasa aikin, ba zai yi wata da watanni yana ciyar mini da garke ba. Duk wannan ya bi ta kaina a tsaye, tana kallona. Na ce mata ina zuwa, na fita ƙofar gida.

Akwai abin da muke yi in za a daɗe ba a taɓa ƙwayoyi ba. Ana zuba su a 'yan kwalabe a nutsa cikin wani ruwa mai tsananin sanyi da ake kira azot, su yi barci, duk ranar da aka so a tashe su. Sai dai ba duka ke tashi ba, kuma nawa da aka cire wa kinaz raunana ne, ba su son wahala. Na kira abokina na ce ya daskarar da su duka. Ya ce ka tabbata, ka san halinsu. Na ce na tabbata. Su suna da inda za a ajiye su su jira ni. Gwaggo ba ta da shi. Na rubuta wa ubangidana 'yan layuka, ban tsaya jiran amsarsa ba, na koma ciki na ce mata ta kwance kayan, Maraɗi za mu.

Daga Maraɗi aka tura mu Yamai. Muka sauka gidan wani ɗan garinmu, muka shiga zirga-zirgar awo da hoto da jiran sakamako. Ni da nake taƙama da farar riga a ƙasar wasu, sai ga ni da buta da tabarma a baranda, ina bin layi kamar kowa, ina sayo kunu. Duk inda aka shiga da ita ina gefenta, in likita ya faɗa in juya mata da Hausa. Ta riƙa yi masu tambayoyi har suna dariya. Wata ma'aikaciya ta ce mini gwaggonka da ta yi lakwal, wato makarantar boko, da ita ce shugabarmu.

Ranar da sakamako ya fito, likitan, wani dattijo mai sanyin magana, ya duba takardu ya dube ni. Ya ce da Faransanci, abin bai kai ga huhu ko ƙashi ba, wannan abin godiya ne. Amma ya girma, ya taɓa hammata. Da ta zo lokacin da majo ya turo ta, mai yiwuwa da ƙullin kawai za a cire. Yanzu dole a cire nonon gaba ɗaya, a biyo da ƙarin ruwa.

Na juya mata farkon maganar, na juya mata ƙarshenta, na tsallake ta tsakiya. Gwaggo ba ta jin ko kalma ɗaya ta Faransanci, amma ta ga likita ya yi magana mai tsawo ni na yi gajera. Ta taɓa gwiwata ta ce, alkawarinmu fa? Sai na faɗa mata, yadda yake. Na ce da kin zo kafin damina da ba a cire duka ba.

Ta jinjina kai. Sannan ta ce, "Na ji. Ni na jira, ba kai ka ce in jira ba. Kuma ai ka zo. Ka ce masa shi sa rana."

Aka yi aikin lafiya. Ƙarin ruwan ya wahalar da ita, gashinta ya zube, abinci ya ƙi zama, akwai ranakun da ko magana ba ta iyawa. Na zauna har ta fara takawa da kanta, babbar ɗiyarta ta zo ta karɓe ni, sannan na koma. Ubangidana ya yi ɗan fushinsa ya huce. Da na tashi ƙwayoyina, wasu kwalaben ba su farka ba, wasu suka farka, na sake tara garken daga 'yan tsirarun da suka rage. Karatun ya ƙara tsawo, na dai gama. Abin da muka gano game da kinaz ɗin nan ɗan ƙarami ne, yana nan a rubuce, wasu suna ɗorawa a kai. Har yau bai zama maganin kowa ba, kuma in an tambaye ni haka nake faɗa, ko da mai tambayar zai ji ba daɗi.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi ban samu ba. Mahaifiyata alfahari da ɗanta ta yi. Dangi tausayina suka ji. Gwaggo ta yarda da ni ne fiye da yadda na kai. Kowa da alheri ya yi nasa, kuma aka taru aka yi asara. Abin da na iya shi ne na zauna da 'yan gidanmu na roƙe su, na ce duk inda nake a duniya, in wani ya yi ciwo a gaya mini ranar, ba ni son tausayin. Sun ji da ƙyar, amma sun ji.

Gwaggo tana nan da ranta, ta tsufa sosai, tana ƙauyenta da awakinta. Ba ta taɓa sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. In na je tana yi mini fura da hannun dama, don na hagun bai koma daidai ba. Tana yafa gyalenta ta wani salo da ta ƙirƙiro, ta ninka shi a kafaɗar hagu yadda baƙo ba zai lura ba. Ni ina lura. Duk zuwan da zan yi sai idona ya kai wurin, sai in tuna tana can tana noman gyaɗarta da hannu ɗaya, tana tambayar masu dawowa daga Dakoro ko Babana ya iso.